Namadi da Motar Malam Jumare

Namadi mai gyaran wutar mota mutumin Dogon Daji ne. Ya koyi sana'a a Sakkwato lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowane ma'aikaci yana hawa Fijo, sannan ya dawo Tambuwal ya kafa rumfa kusa da tasha. Shekara talatin yana wurin bai yi arziki ba, saboda yana da wani hali mai ƙular da direbobi: ba ya taɓa mota sai ya gama yi wa mai ita tambayoyi kamar alƙali.

Da motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano suka cika gari, masu rimot da jiniyar tsoron ɓarawo, sai sauran masu gyara suka samu hanya mai sauƙi. Mota ta cika kuka, a yanke wayar jiniyar, kowa ya huta. Namadi ya tsani wannan aiki. A ganinsa mota ba ta kuka a banza, ko dai ɗan maɓallin bakin ƙofa ya yi tsatsa, ko batirin rimot ya yi sanyi, ko wata waya ta goge.

Wata ranar Laraba aka zo daga Kebbe aka ɗauke shi a babur zuwa gidan Malam Jumare, limamin wani masallacin unguwa. Ɗan malamin, Ɗangiwa, yana aiki a Fatakwal, shi ya aiko wa mahaifinsa da mota. Wata biyu ana lafiya, sai motar ta tsiro da wani abu. Tana ajiye a ƙofar masallaci shiru, amma da malam ya kai goshi ƙasa a sujada sai ta ɓarke da ihu, fitilu suna ƙiftawa. Mutane kuwa ba su rasa fassara ba. Aka ce dukiyar haram ce, shi ya sa ba ta jure salla. Malam ya yi ta kawar da kai, har maganar ta shige shi. Ya daina amsa wayar ɗansa, kuma ya yanke cewa ran Juma'a zai mayar da motar, ya faɗa wa jama'a ya wanke hannunsa daga yaron. Matarsa ce ta matsa a kira mai gyara tukuna.

Namadi ya bi ƙofofin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya danna kowane maɓalli da yatsa, ya leƙa but ɗin baya da gaban mota. Ya kankare 'yar tsatsa a ƙofar direba, ya gwada batir. Bai ga komai ba, abin kuma ya ɓata masa rai. Sai ya koma ga tambayoyinsa. Ko takan yi kuka idan na'ibi ya ja salla malam ba ya nan? Ba ta yi. Idan malam ya yi nafila a ɗakinsa fa? Malam ya sunkuyar da kai ya ce tana yi, kuma wannan ne ya fi karya masa zuciya.

Da azahar Namadi ya bi sahu, yana bayan liman, kuma dole a faɗi gaskiya, rabin hankalinsa na kan aljihun malam. Sujadar farko motar ta ɗauka. Bayan sallama ya roƙi a ba shi makullin.

Malam ya zaro shi daga aljihun gefe. Ashe ya kai wa baduku rimot ɗin an ɗinke masa shi cikin jar fata, yadda ake yi wa kowane abu mai daraja. Fatar ta sha ruwan alwala ta bushe, ta ƙanƙance, ta ɗame jan maɓallin da ke tayar da jiniya. Abin da ya rage kawai cinya ta ɗan matse shi. Namadi ya matsa da yatsa biyu, motar ta yi ihu. Ya sake matsawa, ta yi shiru.

Ya ciro reza zai farke ɗinkin, yana cewa ba sai kowa ya ji ba, za a ce waya ce ta lalace. Ya san yadda garin zai yi wa dattijon dariya. Malam ya riƙe masa hannu.

"Bar shi yadda yake, Namadi. Da la'asar nika son ka matsa shi gaban jama'a."

"Allah shi gafarta Malam, za su yi ta yi da kai."

"Su yi da ni. Wata guda suna yi da ɗana, ni kuma ina taya su."

Haka aka yi. Aka yi dariyar, wasu a ɓoye, wasu ba kunya. Malam ya tsaya har aka gama, sannan ya miƙa wa Namadi wayarsa ya ce ya nemo masa lambar Ɗangiwa, don idonsa ba ya gani sosai. Namadi ya lura idon lafiyarsa lau. Ya danna masa lambar, ya koma gefe yana tattara kayan aikinsa.