Hawainiya, Mai Kitson da Ba Ya Hana Dariya

Kafin rana ta ɗaga, Hawainiya ta share ɗakin kitsonta, ta wanke matajai da ruwan ɗumi, ta ajiye man kaɗe a bakin taga don ya yi laushi. Sannan ta zauna tana murza yatsunta. Su ne jarinta, kuma su ne yanzu suka ce sun gaji. Ƙarshen watan nan za ta bar wa 'yan matan da ta koya wa kujerar. Shi ya sa na ɗauki biro. Bokona bai yi nisa ba, amma bakina ya yi digiri.

Mu muka laƙa mata Hawainiya, kuma a lokacin ba yabo ba ne. Kan da wata za ta gama kafin shayi ya huce, ita sai ta wuni a kansa. Ba ta taje gashi a bushe. Ruwa za ta fesa, ta shafa mai, ta faro daga baki zuwa tushe kamar mai lallashin jariri. In ta gama layin farko sai ta saki labarin ban dariya. Kika yi dariya kika dafe goshi, to kitso ya yi tsauri, warwarewa za ta yi ko kina zaginta. In labari ya ƙare mata sai ta waiwayo ni a kan bencin da nake wuni a ɗakin: "Iya, wa ya yi abin kunya a makon nan?" Ni kuwa ban taɓa zuwa hannu rabbana ba.

Matar wani mai gyaran mota ta taɓa ce mata, "Ja shi da kyau ya daɗe mana!"

Ta ce, "Kitson zai daɗe, 'yar uwa. Gashin ne ba zai daɗe ba."

Amma abin da ya sa ni rubutun nan jikata ce, takwarata, mai karɓar baƙi a wani ofis. Man miƙar da gashi ya ƙone mata fatar kai, ƙarin gashi mai nauyi ya tsige na gaban goshin. Yarinyar da dariyarta ke cika gida ta koma kwana da hula, ta juya madubi ya kalli bango, har ta ce za ta ajiye aiki. Na ce goshinta ya zama filin ƙwallo don ta yi dariya, sai ta fashe da kuka. Na ja ta sai wurin Hawainiya.

Hawainiya ta sallami kowa, har ni. Da yake ƙofar ba ta rufuwa sosai, ba laifina ba ne da na ji.

"Anti, zai dawo?"

"Ban yi miki alkawari ba, 'yata. Ciwon nan na likita ne, ki fara zuwa can. Sauran kuma mu bar shi ya huta."

Ta datse mataccen gashin, ta koya mata wanki da tausa a hankali da kwana da ɗankwali mai santsi. Wata da watanni tana duba kan, ba ta kitsa ko layi ɗaya ba.

Ranar da gashi ya kai kamu, ta yi layin farko ta waiwayo ni. Na ba da labarin maigidana da ya rina gemu, zufa ta wanke rinin a kan farar rigarsa. Takwara ta ƙyalƙyale da dariya har da tuntsurawa, hannunta bai je goshi ba. Hawainiya ta juya tana goge ido, wai man kaɗe ne ya shiga.

Hawainiya, ke ce mai hannun auduga. Ke ce kika san akwai mutum a ƙarƙashin gashi. Mun gode, Allah ya huta da yatsun nan. Ku kuma da kuka gaji kujera, ku sassauta hannu. In labari ya ƙare muku, ina nan kan bencina.