Tsintsiyar Maccido

Har yau da ƙasa ta rufe idon Maccido, in aka ambace shi sai na haɗiye yawu kafin in ce Allah ya jiƙansa. Wai bawan Allah ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. To da wa zai yi faɗa, mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar ɗan Adam ba?

Mutumin Araba ne. Noma ya gagare shi, ya shigo Illela da tsintsiya da tulu, ya laƙe a layin masu igiya na kasuwa. A layin nan wana Attahiru yake da rumfa, yana sayar wa Fulani igiyar rama da yake tufkawa da hannunsa. Attahirun shi kaɗai yake zaune a bukkarsa ta bakin gona a Lafani tun rasuwar matarsa, ga ciwon ƙirji da ke kayar da shi lokaci lokaci. Ni kuwa ina aure a Amarawa, ba na fita.

Kafin zuwan Maccido, kowa shi ke share gaban rumfarsa ranar Lahadi da sassafe, ya yayyafa ruwa. Sarkin kasuwa ya zaga kafin kasuwa ta cika. Rumfar da ya ga shara ta taru a gabanta, ya san mai ita bai zo ba. In abin ya maimaitu, sai ya aika gidan mutum a dubo lafiyarsa, kafin a yi maganar ba wani wurin. Mutane da yawa ta haka aka tarar da su kwance aka kai musu ɗauki.

Sai ga Maccido ya ɗauke wa 'yan layin shara, su kuma su ba shi gero da kaka. Sau ɗaya ake gaya masa. Daga nan ko ka zo ko ba ka zo ba, ko ruwa ake ko rana, zai share, zai yayyafa, ya matsa gaba kansa a duƙe kamar jakin da ya san hanyar rijiya. Har yabonsa suke yi, sakarkaru.

Shekarar da soja suka rufe iyaka kasuwa ta yamutse. Wani ya zo da hantsi, wani sai la'asar, wani ya bi daji zuwa Konni ya kwana biyu. Ba wanda ke lura da maƙwabcinsa. A cikin damina ta wannan shekara ciwon Attahiru ya tashi.

Ni abin da nake da shi Altine ce, Bafulatanar da ke kawo mana nono. Ta layin take ratsawa da sassafe. Duk Litinin in tambaye ta rumfar Yaya.

"Shararra ta, Umma, har da ruwa," in ji ta.

Sai hankalina ya kwanta. Sarkin kasuwa ma abin da yake gani ke nan, bai aika kowa ba. Haka aka yi ta yi har gero ya fid da kai. Wani makiyayi ne ya leƙa bukkar neman igiya, ya tarar da shi ba ya ko iya ɗaga hannu, randa a bushe. Kafin a kawo amalanke ya cika.

Bayan an share makoki na roƙi maigidana, Altine ta raka ni kasuwa da asubar Lahadi. Ina so in ga wurin da wana ya ƙare ƙarfinsa. Wa zan tarar? Maccido, duƙe a gaban rumfar, yana shara.

Na ce, "Malam Maccido, wa kaka share ma wurin ga?"

"Attahiru," ya ce, bai ɗago ba.

"Yaushe rabonka da ganin shi?"

"Ni ƙasa nika duba, baiwar Allah. An ce in share, ba a ce in bari ba."

Wallahi da namiji ce ni da na karya tsintsiyar nan a bayansa. Na tsane shi a lokacin, kuma ban daina ba. Na ce masa Attahiru ya rasu, da an bar shara ta taru da an je an same shi da ransa. Ya yi salati a hankali, hannunsa bai tsaya ba.

Daga baya sarkin kasuwa ya ce shara ta daina zama shaida, sai an yi sallama mai rumfa ya amsa da bakinsa. Doka mai kyau, masu igiya har yau suna bin ta, kuma ni ba ta amfane ni da komai ba.

Ranar nan dai ina tsaye ina kuka, Maccido ya ajiye tsintsiya, ya ɗauki tulunsa. Ya yayyafa wa rumfar Attahiru ruwa har ya jiƙa mini ƙafa, ya matsa zuwa ta gaba.