Barira da Likkafanin Alhaji

Duk wanda ya gaya maka ya fi ni sanin Barira a garin Roni, to ƙarya yake yi. Ni Saude ni ce mai kitsonta, kuma macen da kanta ya shekara ashirin a kan cinyarka, ba abin da ke cikin kan da zai ɓoye maka.

Asalinta 'yar wani ƙauye ce ta wajen Gwiwa. Uwarta matsar man gyaɗa take yi, ita ma da sana'ar ta tashi. Auren fari ya kawo ta Roni, auren ya mutu, ita kuwa ta ƙi komawa ƙauye. Ta zauna gidan gwaggonta tana ƙuli-ƙuli, irin mai yajin nan da sai ka ci kana hawaye kana miƙa hannu.

A zaman zawarcin nan ne ta haɗu da Ɗan'azumi tela. Dogo ne siriri, gwauro, mai sanyin magana, keken ɗinkin da yake takawa ma na haya ne. Yana son ta, tana son sa, wannan kam ba na ko tantama. Matsalarsa ɗaya: tela ne har cikin ɓargo. Ya ce zai turo magabatansa bayan ƙaramar salla. Salla ta wuce, ya ce sai babba. Babba ta wuce, ya ce bari a ga kaka.

Ana cikin haka sai ga saƙon Alhaji Maikasuwa, babban mai sayen gyaɗa, wanda rumbunansa suka fi ɗakunan kwanan unguwarmu yawa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna Kano. Gajere ne mai tumbi, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga wani numfashi da yake ja kamar zugazugin maƙera. Garin nan kaf an gama yanke cewa ba zai ga baɗi ba. Ba ƙauna yake nema ba, in ji mutane, mai jinya yake nema.

Barira ta kai wa Ɗan'azumi labari, tana zaton zai zabura ya turo magabatan. Sai ya sosa ƙeya.

"Barira, ai wannan ba aure ba ne, jinya ce," ya ce. "Ki je. In kin fita takaba kin same ni a nan. Lokacin kina da tumuninki na gado, ni ma na sayi kekena."

Da ta zo tana ba ni labari, na ce mata namijin da zai ba da aron matarsa ga mutuwa, ni ko tsintsiya ba zan ba shi ajiya ba. Ta ce ban san shi ba ne. Aka ɗaura aure.

Alhaji kansa bai musa cewa tafiya ta zo ba. Tun daga Makka ya taho da farin yadi da aka wanke da ruwan zamzam, na likkafaninsa. Sati biyu da tarewar amarya ya aika a kira masa tela a yanka shi a ajiye. Cikin telolin Roni duka, Ɗan'azumi ya zaɓa.

Ina tsakar gida ina yi wa Barira kitso, muna jiyo su daga zaure.

"Ranka ya daɗe, a miƙe hannu," in ji tela.

"Amin!" in ji Alhaji da ƙarfi. "Sake faɗa, ɗan nan, na ji daɗin addu'ar."

"Ranka ya daɗe."

"Amin. To ka ƙara kamu guda a tsawon."

"Alhaji, ai zai yi maka yawa."

"Ka ƙara dai. Ba a san wanda zai riga wani ba."

Haka kuwa aka yi. Kafin damina ta fita, direban motarsa, saurayi ɗanye jagab, ya kwanta zazzaɓin kwana biyu ya ce ga garinku nan. Alhaji ya ciro likkafanin daga adaka ya bayar sadaka. Ya yi wa wani mai tafiya umara sautun wani yadin, aka sake kiran Ɗan'azumi, aka sake ƙara kamu guda. Wannan kuma ladanin unguwa ya tafi da shi. Na uku, mai maganin gargajiyar da yake kawo masa saiwoyi. Har ta kai in mutum ya yi tari sau biyu a majalisa, sai abokai su ce masa ya yi hattara, Alhaji ya yi sabon ɗinki.

Likitan Kazaure ya kafa masa doka: ban da gishiri, ban da mai, ban da jan nama, ban da zaƙi. Alhaji ya dawo gida ya ce a yi masa tuwon dawa da miyar kuka, a zuba man shanu har ya kwanta a kai, a aika a karɓo tsire. Barira ta rantse mini ba ta taɓa yi masa mugun fata ba, kuma na yarda. Amma da na ga yadda take barbaɗa gishiri, na ɗaga gira, sai ta ce, "To Saude, miji ya ce a sa, mace ta ƙi?" Ta sa kuwa, da hannu sake. Alhaji ya ci, ya sha fura da suga, ya yi gyatsa. Wuyansa ya ƙara kauri. Likitan da ya kafa dokar ya yi ritaya, daga baya muka ji shi ɗin ma ya rasu.

Tsakanin Barira da tela kuwa, kada wani ya ɗauki alhakinsu, ko gaisuwar ido ba ta haɗa su ba. Atamfarta kawai ke zuwa shagonsa ta hannuna. Mutumin da ya sa rabin matan Roni cin salla da tsohon zane, nata ɗinkin bai taɓa kwana uku ba. In na je karɓa, sai ya sunkuyar da kai kan keke ya ce, "Yaya jikin Alhaji?"

"Da sauƙi," in ce.

"Madalla," ya ce, da muryar wanda aka yi wa sata.

Na sha gaya masa wannan jiran gawon shanu ne, ya nemi wata ya aura. Sai ya ce shi ya yi alkawari. Ka ji tela da cika alkawari a inda ba a so.

Sau ɗaya tak abin ya zo da gaske. Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumbu ana awon gyaɗa. 'Ya'yansa suka iso daga Kano da manyan motoci, har an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Wa kake tsammani ya hana shi tafiya? Barira. Ita ta tsaya a asibitin Kazaure, tana juya shi, tana goge shi, tana ɗura masa kunun gyaɗa cokali-cokali, har ya buɗe ido ya nemi kilishi. Da suka dawo na ce mata, "Ke dai ba ki san abin da kike so ba." Ta ce, "Ina gani zai mutu a hannuna? Ai da kunya." Allah ya yi ta da hannun jinya, ba yadda ta iya da shi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ni na fara ganin furfurarta kafin ita ta gani, na riƙa tura ta ƙarƙashin kitso. Ɗan'azumi ya sayi kekensa, har ya ƙara da na zamani, idonsa ya fara neman tabarau.

Bara, ana saura kwana kaɗan babbar salla, aka same shi kife a kan keke, rigar wani a ƙarƙashin allura. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Alhaji ya buɗe adaka ya ciro likkafani na ƙarshe, wanda telan ya yanka da hannunsa. Masu wanka suka ce kamar an auna shi, ko ɗan yatsa bai rage ba. Alhaji da sandarsa ya taka har maƙabarta.

Barira ba ta yi kuka ba. Da wane suna za ta yi? Takaba ta miji ce, wanda ba miji ba kwana uku aka ba ka. Na tausaya mata ƙwarai, har na rasa abin tsokana. A rana ta huɗu ta aika in zo in yi mata kitson salla, don kada a ga kanta a tsefe a yi magana. Ta zauna, ta cire ɗankwali, na ɗauko mataji.

Alhaji yana kishingiɗe a inuwar rumfa, muna zaton barci yake yi.

"Saude," ya ce, "mayar da matajinki."

"Ranka ya daɗe, salla ce fa."

"Na sani. Babu kitso a gidan nan, babu lalle, babu kwalli, sai an yi wata huɗu da kwana goma. Malamai sun ce takaba ta miji ce, ni kuwa ban ce kowa ya yi takaba ba. Kitso na hana. Duk wanda ya tambaya, a ce rigimar tsufa ce ta Alhaji."

Barira ta juyo a hankali. "Alhaji, da ma ka sani?"

"Tun awon farko. Telan da yake auna ka yana yi maka addu'ar tsawon rai kamar ana zare masa haƙori, ai ba sai an gaya maka ba." Ya ja numfashin nan nasa. "Na yi iya ƙoƙarina, Barira. Duk abin da likita ya hana, ba wanda ban ci ba. Allah bai nufa ba."

Ni bakina ba ya shiru. Na ce, "To Alhaji, da ka sani, me ya hana ka sawwaƙe mata tun tuni?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa yake jiƙa mutum.

"Mutuwa zan iya," ya ce. "Rabuwa da ita ina raye ne ba zan iya ba."

Nan Barira ta kifa kai a cinyata, ta yi kukan da ta shekara ashirin tana tanadi. Ban san rabon wa ya fi yawa a ciki ba, na tela ko na Alhaji, ban kuma tambaya ba.

Alhaji yana nan da ransa, in ka je Roni za ka same shi a bakin rumbu yana faɗa da masu awo. Sai dai ka shirya jin ƙorafi, don duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya kai masa ƙarar matarsa. Tun daga ranar nan, ko ya yi roƙo ko ya yi fushi, Barira ba ta sake sa masa gishiri a miya ba.