Ranar da Wasan Kaka Ya Shiga Takarda

A lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da gama kwaleji ba. Ina zaune gida a Banifandu, nan Yamai, ina jiran a kira ni makarantar koyon aikin jinya. Ina ji da Faransancina ƙwarai. In takarda ta zo wa maƙwabta ni ake kira in karanta, in rediyo ta karanta sanarwar sojoji ni nake juya wa tsofaffin layinmu da Hausa, har na ɗauka babu ofishin da zan shiga bakina ya mutu. Na rubuto muku ne don har yau in na ji kukan kamiyo, babbar motar kaya, a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko wurinmu ya zo, kuma a gidanmu an rufe maganar, ba wanda zan zauna in gaya wa yadda nake ji.

Mu mutanen Dogon Dutsi ne, Kirista. Mahaifina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mahaifiyata tana aikin jinya. A ɗakin da ke kusa da zaure akwai wani tsoho da muke kira Kaka, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Mutumin Gana ne, kafinta. Ya shigo ƙasar nan tun yana saurayi, ya yi wa majami'u da asibitin mishan na wajen Maraɗi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya riƙe mahaifina lokacin da aka kai shi karatu can yana yaro, shi ya sa da ya tsufa mahaifina ya ɗauko shi. Matarsa a nan Yamai ta rasu, nan aka binne ta, ba su haihu ba, kuma duk Asabar sai ya ɗauki tsintsiya ya tafi maƙabarta. Ya iya Hausa, ya iya Ingilishi, sai yarensu da ba ya yi da kowa in ba a cikin addu'a ba. Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Tun ina rarrafe yake kirana amaryata. In na kai masa tuwo ya ce amarya ta sake ƙona miya, gobe zai mayar da ni gidanmu, ni kuma in ce tsoho mara haƙori ba ya zaɓen miya, in na tafi wa zai kwashe shi. Haka muke kullum, kowa a layin ya saba.

Shekarar farin nan ce da kogi ya janye har ana taka ƙafa a ƙetare zuwa unguwar Kirkisoy. Mutanen karkara sun cika bakin gari da buhunan da ba komai a ciki, kowa ransa a ɓace, sojoji ko'ina. Sai aka yi sanarwa cewa duk baƙo ya gyara takardar zamansa, wanda aka samu ba shi da ita za a loda shi a kamiyo a kai shi iyaka. Tsohon katin zaman Kaka ta hannun mishan aka yi masa a matsayin ma'aikaci, tun da ya bar aiki katin ya mutu ba wanda ya kula. Yanzu sai ya nemi na waɗanda suka yi ritaya, ya nuna ya daina aiki, yana da fansho, yana da wurin kwana. Majami'a ta ba da shaida, muka yi hoto, muka sayi tambur, kan sarkin da ake manna wa takarda. Mahaifina an tura shi daji taimakon rabon hatsi, mahaifiyata kuwa ba ta da lokacin ko zama, ɗakin yara na asibiti ya cika da masu ƙyanda da yunwa. Ta ce ni in raka shi, tunda ni ce mai bakin Nasarar da ke zaune a gidan ba aiki. Na ji daɗi ma da ta faɗi haka.

Tun daga ƙofar komisariya, ofishin ƴan sanda, jin daɗin ya gudu. Mun yi layi cikin rana har ƙafafun Kaka suka kumbura. Mutumin da ke gabanmu ya shiga, ba mu ga fitowarsa ba, ta ƙofar baya aka bi da shi, matarsa na waje tana tambayar kowa. Da muka shiga, wani ɗan sanda matashi ne a bayan injin buga takarda. Ba ya jin Hausa, da abokan aikinsa Zabarmanci yake yi, da mu kuwa Faransanci zalla. Ya dube ni ya ce tunda ni ce tafinta, in faɗi abin da tsohon ya faɗa daidai, kada in ƙara kada in rage, kuma duk ƙaryar da ta shiga takardar nan, shi iyaka, ni kaso. Ya tambayi suna, garin haihuwa, sana'a, muna amsawa. Sai ya nuna ni da biro ya ce in tambayi tsohon ni wace ce a wurinsa. Na juya wa Kaka. Ya ga na tsorata, ina jin so ya yi ya ba ni dariya in samu natsuwa, ya ce amaryata ce mana, sai dai ba ta iya tuwo ba.

Ɗan sandan ya ce me ya ce. Na nemi kalmar amarya irin tamu a Faransanci na rasa, sai na ji bakina ya ce, ya ce ni matarsa ce. Maganar tuwon kuwa na haɗiye ta, don na ga kamar abin kunya ne a kawo zancen tuwo a ofishin gwamnati. Ban gane ba sai daga baya cewa rabin da na haɗiye shi ne zai nuna wasa ne. Ɗan sandan ya ɗaga kai ya dubi furfurar Kaka, ya dube ni, ya tambayi shekaruna da ƙasata, ya buga. Ya ce to lissafi ya sake, wannan baƙo ne mai auren ƴar ƙasa, mu kawo takardar aure daga ofishin magajin gari kafin ƴar takardar da zai ba mu ta ƙare. A nan ya kamata in buɗe baki. Amma abin da ya zo mini shi ne in na ce ba haka ba ne, zai ce mun yi ƙarya, ga ƙofar baya ina kallonta. Kaka ya sa hannu yana murmushi, ni ma na sa a ƙarƙashin nasa.

A hanya yana ta fara'a, har ya saya mini ƙosai, yana cewa da ba don amarya ba da masu bakin Nasaran nan sun sayar da shi. Ya tambaye ni me aka ce, na ce an ce mu dawo. Haka na gaya wa mahaifiyata ma. Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Na sha yin shiri in koma ni kaɗai in gyara, in kai bakin ƙofa in ga sojan da ke gadi in juyo. Ina gaya wa kaina mahaifina zai dawo kafin lokacin, shi zai san yadda za a yi. Wata rana na kai ɗinki wurin telan layinmu, wani Bamaraɗe mai yawan labari, na ji yana gaya wa wani direba cewa yanzu abin da ake farauta shi ne auren takarda. Wai baƙi na ba masu yunwa buhun hatsi a rubuta musu ƴaƴansu a matsayin mata don su samu zama, kuma wanda aka kama ba a ko sauraronsa. Na bar ɗinkin a kan benci na fito. Da na iso gida Kaka na zaure, ya ɗaga murya yadda ya saba ya ce amarya ina kika shiga kika bar miji da yunwa. Na daka masa tsawa na ce ya daina kirana haka a bakin hanya. Ban taɓa yi masa haka ba. Daga baya ya ce wa mahaifiyata da alama yarinyar nan ta samu saurayi, an yi masa ritaya ta biyu.

Ƴar takardar ta ƙare mahaifina bai dawo ba. Da safe Kaka na shan kunu ƴan sanda biyu suka yi sallama, suka ce ya taso. Ya ce bari ya ƙarasa kunun, suka ce ya bar shi. Na ruga asibiti ba ko kallabi, na samu mahaifiyata da yaro a hannu, na gaya mata komai a tsaye. Na ɗauka za ta mare ni, da ma ta yi. Ta miƙa wa abokiyar aikinta yaron, abin da kawai ta tambaya shi ne ko Kaka ya sha maganin hawan jininsa kafin su tafi da shi. Bai sha ba. Muka biya gida muka ɗauki maganin da takardar haihuwata, ita da farin kayan aikinta a jiki. A farfajiyar komisariya ga kamiyo a tsaye, ga mutane zaune a ƙasa da ƙullin kayansu. Kaka na cikinsu, ba hula, an karɓe masa bel, yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya. Da ya hango ni sai ya ɗaga ɗayan hannun, kamar ni ce abin tausayi. Har lokacin bai san dalilin da aka kawo shi ba.

Sai bayan azahar aka shigar da mu wurin komiser, shugaban ofishin, wani dattijo mai jajayen idanu kamar wanda bai yi barci ba. Mahaifiyata ta yi bayani, ya ce madam, duk wanda ke zaune a farfajiyar can yana da bayani. Ya duba takardar haihuwata, ya duba abin da muka sa wa hannu, ya sa aka shigo da Kaka. Sai ya juya Hausa, ya ce tsoho, maimaita mini abin da ka faɗa ranar, yadda ka faɗe shi. A nan ne Kaka ya gane. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce cewa na yi amaryata ce, sai dai ba ta iya tuwo ba. Na sha jin maganar nan tun ina goye, ban taɓa jin ta fito ba dariya a ciki sai ranar. Komiser ya tambaye ni ina tuwon ya shiga, don bai gan shi a takarda ba. Na ce kunya na ji, da tsoro. Ya ce shi ma kakarsa tana nan da rai, har gobe maigida take ce masa, tana ƙarar ba ya kawo mata goro. Bai yi murmushi ba da yake faɗin haka. Ya ce in sani, da an samu man da za a zuba wa kamiyon can tun safe yadda aka tsara, da yanzu tsohon nan yana hanyar iyaka, kuma ba mai dawo da shi. Ya ja biro ya soke wurin da aka rubuta ni matar Kaka ce. Ya ce za a ba shi katin ritaya, amma na ɗan lokaci, tunda takardunsa sun riga sun samu tabo, zai riƙa zuwa da ƙafarsa ana sabuntawa, kuma babba ya riƙa rako shi.

Mun dawo da shi a taksi, ya kwanta zazzaɓi, Allah ya tashe shi. Da mahaifina ya dawo ya ji, sai ya shiga ɗakin Kaka ya daɗe. Kaka bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa yake bakinsa ne ya ja, tsoho bai san wurin wasa ba. Yana nan, duk Asabar yana zuwa maƙabarta da tsintsiyarsa. Amma tun ranar bai sake ce mini amarya ba. Jikata yake cewa, ko ya kira sunana kamar malamin lakwal. In na kai tuwo ya ce na gode. Kwanan baya da gangan na bar miya ta kama, har ƙauri ya cika gida, na kai masa na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Ya cinye tas, ya miƙo mini kwano ya ce sannu da aiki.

Abin da na koya shi ne iya Faransanci daban, iya tsayawa tsakanin mutum da hukuma daban. Ƴan uwana da ake aika ku rakiyar tsofaffi ofis don kun yi lakwal, in tsoho ya yi magana irin tamu ta gida, ku faɗe ta duka, ku ƙara da cewa wasa ne, ko an ce kada ku ƙara. In kun yi kuskure ku gyara a wurin, kafin a sa hannu, tsawar da za a yi muku ba ta kai abin da ke biyo baya ba. In kun kasa, ku faɗa a gida ranar, kada ku jira wani ya dawo daga tafiya. Iyaye kuma, kada ku ga yarinya na karanta muku takarda ku ɗauka ba ta jin tsoron kaki. Ni na yi shiru don kada a kore shi, shirun nawa ne ya zaunar da shi a gindin kamiyo. Katin na sabuntawa ne, kuma in lokacinsa ya yi mahaifina ne zai raka shi. Ni dai ina gida ina kai tuwo, ina jiran ranar da zai ce na ƙona miya.