Mutumin da Ya Aurar da Kuɓewar Uwata

Kafin rana ta yi zafi za ka gan shi a gonar gwajin da ke bayan gidanmu, ya duƙa cikin kuɓewa, aljihunsa cike da jan zare da 'yan jakunkunan takarda. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin azahar ya gama rayuwarsa, don haka ko gaishe shi ka yi a lokacin, hannu kawai zai ɗaga maka. Sai ya tsinko fure daga wannan layi, ya je ya goga garinsa a kan na wancan layi, ya rufa masa takarda kada ƙudan zuma su yi masa shisshigi, ya ɗaura zare. Mu matan unguwa muka sa masa Waliyyi, tunda aikinsa ke nan, aurar da kuɓewa. Yanzu an ce ya yi ritaya, shi ya sa na ce sai na faɗi nawa tun da sauran haƙora a bakina.

Abin da ya haɗa ni da shi irin uwata ne. Wata gajeriyar kuɓewa ce mai kauri, in ka ɗaga ludayi yauƙinta sai ya biyo ka har kafaɗa. Ita ma a wurin tata uwar ta gada. Da damina ta fara yi mana wasa da hankali, ruwa ya zo yau ya ɗauke wata guda, zafi ya sauko, sai kuɓewar ta riƙa zubar da fure tun bai zama ɗa ba. Abin da ya rage mini bai cika tafin hannu ba.

Ya zo har ƙofa yana roƙon irin. Ya ce yana da wani iri mai jure fari kamar jaki, amma miyarsa tsululu take, yana so ya haɗa su. Na ce masa wato miji ya samo mata, mai ƙarfi mara daɗin hira. Na ba shi rabi ina hararar sa. Rabin da na riƙe na shuka, ya ƙone ina kallo. Daga ranar, irin uwata kaf yana hannun wannan bawan Allah.

Kowace kaka sai ya kawo mini 'ya'yan auren in dafa. In ɗanɗana in ce masa wannan ruwan wankin kwano ne. Ba ya fushi. Gobe sai in hango shi yana tuge layin gaba ɗaya, aikin shekara guda, ya sake daga fari. Har aka kai ga wadda ta jure zafi ta yi 'ya'ya jingim, aka ce a raba ta ga manoma haka nan, ya ce kuɓewar da mata ba za su dafa ba ciyawa ce. Ni dai ban taɓa ganin namiji mai haƙuri irin wannan ba, kuma na ga maza.

Shekarar da zafi ya fi kowace, gonar duk ta kwanta, sai wasu 'yan tsirai a can ƙarshe suka tsaya kore shar. Su ya bi ya ɗaura wa zare don su zama iri. To an kawo sabon mai gadi, matarsa ba ta san kan gonar ba. Ta ga zare ta ɗauka alamar waɗanda aka ware wa ma'aikata ce. Ta tsinke 'ya'yan ta yi miya, don kirki har ta zuba wa Waliyyi a kwano.

Ina bakin shinge lokacin da ya ga jan zarensa yana yawo a ruwan wankin kuɓewa. Waliyyi ya zauna a kan bokiti ya ce a ba shi cokali. Ya ɗiba ya ɗaga, yauƙi ya biyo shi bai tsinke ba. Ya ce, "Gwaggo, zagayo ki taɓa wannan."

Na taɓa. Sai na ga ɗakin girkin uwata, da hayaƙinsa da komai. Na ce masa ita ce, amma ga ta a cikin tukunya.

Ya juya wurin matar, muryarsa ƙasa ƙasa, ya tambaye ta ko ta bar wani abu.

"Sai tsofaffin, Baba," in ji ta tana hawaye. "Na karya musu baki suka ƙi karyewa, na ce ba za su dafu ba."

Waɗannan tsofaffin da babu macen da za ta kalla a kasuwa, su ne suka ƙosa, su suka ba da iri. Ranar a gindinsu ya wuni, kuma bai bari an ce wa mai gadi uffan ba.

Yau ka leƙa bayan kowane gida a nan, ita ce a tsaye, ruwa ya zo ko ya yi nawa. Ana yanka ta ana shanyawa a tabarma, yara na lashe kwano ba su san wanda ya yi wahalar ba.

Kai ne, Waliyyi. Kai ne ka sunkuya har bayanka ya ƙi miƙewa don miyar da ba a kiran sunanka in ana sha. Kai ne ka ɗauki bakin tsohuwa da muhimmanci, alhali bakin nan ba daɗi gare shi ba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma yaran da za ku gaje shi, ku riƙa fitowa daga inuwa kuna tambayar masu tukunya, don mu ma ba dawwama za mu yi ba.

Na gode, ɗan nan. In na je inda uwata take, zan gaya mata irinta bai mutu a zamanina ba, kuma zan gaya mata wanda ya riƙe shi.