Shari'ar Arɗo Jumare

Barista Thaddeus ɗan Kafanchan ne. Ya yi furfura a wani ofishin lauyoyi da ke Utako, amma sunansa bai taɓa hawa allon ƙofa ba. Mutum ne mai tsantseni, ga mita. Mitarsa kuwa ɗaya ce: a ofishin nan, duk wanda fayil ke kan teburinsa shi ke da shari'a. Sai ka fita cin abinci, ka dawo ka tarar wani ya yi gaba da naka.

Da Oga Albert, mai ofishin, ya ce a zaɓi sabon tsari, sauran lauyoyi suka so a zuba komai a kwamfuta, kowa ya gani. Thaddeus ya kafe sai manhajar da ke kulle kowace shari'a, ba mai buɗewa sai wanda sunansa ke kai. Aka bi nasa. Shi ya yi wata da watanni yana shigar da takardu har ya fara sa tabarau, na asalin kuma aka kwashe zuwa ɗakin Oga.

Duk wannan naci saboda shari'a ɗaya ce, ta Arɗo Jumare, makiyayi daga wajen Ushafa, wanda wani mai kuɗi ya zagaye mashayar shanunsa da katanga. Thaddeus ya daɗe yana jan ta, hukunci ya kusa, kuma da ita yake sa ran a san da zamansa a garin nan.

Ya yi wa manhajar tambayar ƙwaƙwaf, bawan Allah, amma bai tambayi wa ke sa sunayen ba.

Makon da Linda, 'yar Oga, ta gama makarantar lauyoyi, Thaddeus ya danna fayil ɗin Arɗo, ya ƙi buɗuwa.

"Oga, kamar akwai kuskure."

"Babu kuskure, Barista," in ji Oga Albert. "Ba kai ka ce kowane shari'a da lauya ɗaya ba? Yarinya na bukatar abin da zai fara da shi."

Thaddeus ya rasa wanda zai zarga.

Da azahar Arɗo ya shigo, ya jingine sandarsa, ya zauna inda ya saba.

"Lauyana, ina aka kwana?"

Thaddeus ya cire tabarau, ya nuna masa ƙofar ciki.

"Baba Arɗo, lauyarka tana can."