Injin Markaɗen da Malam Lawan Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Lawan makwancinsa, amma har yau in na ji an ce mai ya tashi, sai in waiga, kamar zan hango shi ya taho daga Madabo da jarida a hammata. Tare muka yi koyarwa, ni Hausa, shi tattalin arziki, fannin da ya ce amfaninsa ɗaya ne: talaka ya san sunan abin da ke cinsa.

Karatunsa ba ya canzawa. Gangar mai ta yi tsada a duniya, fetur ya hau, kuɗin mota ya bi fetur, tumatir ya bi mota. Gangar ta faɗi, dala ta yi wuya, naira ta rame, tumatir ya sake hawa. Sai a ƙara kuɗin ruwa don a tsayar da farashi, mai sana'a ya rasa jari. Mu kuwa dariya muke masa.

Da ya karɓi kuɗin sallama bai bar su a banki ba. Injin markaɗe ya saya wa maiɗakinsa, Hajiya Binta, ya kafa a soro. Ya ce naira ƙanƙara ce, ba a ajiye ta a aljihu. Injin nan ne ya riƙe gidan tun bayan rasuwarsa.

Watan jiya Hajiya ta aiko a kira ni. Fetur yana cinye cinikin, in ta ƙara kuɗi mata su koma turmi. Na tambayo mata banki kan injin mai hasken rana, na ji ruwan da suka yanka, na dawo ban ko sha ruwa ba. Ta ce in nemo dillali a sayar da injin. Mako biyu ina kewaye unguwar, don ban san da wane ido zan kalli soron nan babu inji ba. Me Lawan zai ce? Na sa masa magana iri-iri a baki, ba wadda ta zauna.

Ranar da na daure na je da dillalin, tun daga lungu muka ji ƙara. Mata a layi, kowacce ta miƙa ƙwarya sai ta zuba gwangwanin wake a buhu. Hajiya ta daina karɓar kuɗi. Waken take ajiyewa, fetur ya hau, shi ma ya hau.

Na ce, "Hajiya, wa ya ba ki wannan dabara?"

Ta ce, "Malam Habu, shekara talatin ana mini lacca a tsakar gida. Ku da kuke dariya, ni ai tankaɗe nake ina ji."

Ko dabarar za ta kai baɗi, Allah masani. Hankalina bai kwanta ba. Amma a cikin ɗaruruwan da Lawan ya ba maki, ɗaliba ɗaya ce ta ci jarrabawar, ita ma ba ta cikin rajista. Allah ya jiƙansa. Dillali dai na biya masa kuɗin mota, kuma ya ce an ƙara.